Ajin da ke cikin asibitin ƙwaƙwalwa: me ilimin zamantakewa zai yi wa matashin da aka kwantar?

Tambaya: An tura ni koyarwa a sashen matasa na wani asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa, yara 'yan shekara 13 zuwa 17. Ilimin zamantakewa na karanta a jami'a. Wani abokin aikina ya ce in ajiye shi a bakin ƙofa, wai waɗannan yara magani suke buƙata, sai ɗan lissafi da karatu don kada su manta. Shin akwai abin da zai amfane su a cikin fannin nawa, kuma ba zai ƙara rikita musu tunani ba?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya taimaka. Kada ki ajiye shi. Maganar abokin aikinki ba duka za a zubar ba, domin akwai inda fannin nan ke iya yin ɓarna a irin wannan wuri, kuma zan zo kansa. Amma bari in fara da dalilin da ya sa nake ganin yaran suna buƙatarsa.

Matashin da aka kwantar yana fama da abubuwa biyu da suka cuɗe masa. Akwai ciwon kansa: damuwa mai tsanani, ko fargaba, ko jiye-jiye da gane-gane, ko ƙin cin abinci, ko shaye-shaye. Akwai kuma abin da mutane da wurin suka mai da shi saboda ciwon: yadda aka daina tambayarsa ra'ayinsa, yadda ake rage murya idan ya shigo, yadda abokai suka yi shiru. Likita da ma'aikatan jinya suna aiki a kan na farko. Na biyun sau da yawa babu mai kula da shi, yaron kuwa duka biyun yake haɗawa ya ɗauka aibinsa ne. Amfanin fanninki shi ne ki taimaka masa ya raba su.

Kafin ki koya musu komai, ki fara kallon wurin da idon fannin naki. Tsakanin 1955 da 1956 masanin zamantakewa Erving Goffman ya yi nazari a asibitin St. Elizabeths da ke birnin Washington na Amurka, lokacin da marasa lafiyar da ke cikinsa sun kai kimanin 7,000, ya kuma fitar da sakamakon a 1961. Abin da ya lura da shi shi ne, a waje mutum yana kwana a wani wuri, ya yi aiki a wani, ya yi wasa a wani, kowanne da mutanensa da shugabansa. Idan ya kunyata a nan, can ba su sani ba. A asibitin kuwa barci da ci da hira duk ƙarƙashin rufi ɗaya ne, hukuma ɗaya, jadawali ɗaya, fayil ɗaya. Ranar shiga ana karɓe kayan mutum, har da bel da igiyar takalmi, a auna nauyi, a yi tambayoyin da ko iyaye ba su taɓa yi masa ba. Kowane ɗaya cikin waɗannan yana da dalili mai kyau, wasunsu ma rai suke cetowa. Amma idan aka tara su, mutum ya wayi gari duk abin da yake nuna wa duniya ko shi wane ne an raba shi da shi.

Sassan matasa na yau ba irin asibitin da Goffman ya gani ba ne. Zaman yawanci na kwanaki ne ko makonni, ba shekaru ba, kuma zalunci ne a yi wa ma'aikatan yau kuɗin goro da na wancan zamani. Sai dai abu ɗaya da ya faɗa har yanzu yana nan: a irin wannan wuri duk abin da marar lafiya ya yi ana iya karanta shi a matsayin alamar ciwo. Yarinya 'yar shekara 15 ta yi fushi don an hana ta kiran ƙawarta. A gida za a ce ƙuruciya ce. A sashe sai a rubuta cewa tana da saurin hasala. Idan ta yi shiru a rubuta tana keɓe kanta. Ta san ana rubutawa, sai ta fara auna kowace dariya da kowane tsaki. Wannan kuma yana faruwa ne a daidai shekarun da yaro ke neman sirrinsa, da 'yancinsa, da matsayi a cikin tsaransa.

To a nan ajinki yake da daraja. Shi ne kaɗai ɗakin da yaron zai shiga a kira shi ɗalibi. Wani masanin zamantakewa, Talcott Parsons, ya bayyana a 1951 cewa rashin lafiya ma matsayi ne a cikin al'umma: ana ɗauke wa marar lafiya nauyin da ke kansa, ba a ganin laifinsa, shi kuma ana sa ran ya so warkewa ya bi umarnin masu magani. Ga zazzaɓin mako ɗaya wannan rahama ce. Ga matashin da ciwonsa zai daɗe yana tafiya yana dawowa, ɗauke nauyin na iya zama wurin ɓuya, har ya manta yadda ake zama wani abu ban da marar lafiya. Saboda haka ki ba da aiki na gaske, ki duba shi da gaske. Idan lissafin bai fita ba ki ce bai fita ba, ki nuna inda aka kauce. Yaran nan suna gane yabon tausayi tun daga muryar mai yinsa, kuma yana musu zafi, don yana gaya musu cewa an cire rai da su. Robert Merton ya yi bayani tun 1948 a kan yadda zato ke haifar da abin da aka zata, sannan a 1968 masu bincike Rosenthal da Jacobson suka buga sakamakon gwajin da suka yi na tasirin zaton malami a kan ɗalibai. Masana sun yi ta muhawara a kan girman tasirin, amma duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san ɗalibi yana jin inda malaminsa ya ajiye shi.

Wannan ba yana nufin ki rufe ido ga jikinsu ba. Wasu magungunan suna sa barci da nauyin kai da safe, wasu suna sa rawar hannu har rubutu ya yi wuya, wasu suna ƙara ƙiba cikin ɗan lokaci, abin da ke ci wa matashi rai ƙwarai. Ki tambayi ma'aikatan jinya kowace safiya wa bai yi barci ba, wa aka canja wa magani, wa ya samu labari marar daɗi daga gida. Darasi ya zama gajere, kuma kowanne ya tsaya da ƙafarsa, domin wanda kika fara da shi yau ƙila an sallame shi jibi, wani sabo ya zauna a kujerarsa.

Darasin da na fi ganin amfaninsa daga masanin zamantakewa C. Wright Mills ya fito. A 1959 ya bambance matsalar mutum ɗaya da matsalar jama'a da wani misali mai sauƙi: idan a gari mai mutum 100,000 mutum ɗaya ne ba shi da aiki, sai a duba halinsa da ƙwarewarsa. Idan kuwa a ƙasa mai ma'aikata miliyan 50 an samu miliyan 15 ba su da aiki, to ba a cikin halin kowane ɗayansu za a nemi dalili ba. Matashin da ke asibiti kusan kullum yana ganin shi ne wancan mutum ɗayan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma bincike ya nuna kusan rabin irin waɗannan larurori suna farawa ne kafin ko a daidai shekara 14. Ki sa su lissafa da kansu: a aji mai ɗalibai 35, mutum nawa ke nan? Biyar. Ki bar su su fitar da amsar, kada ki faɗa musu.

Ga yadda nake gudanar da shi. Nakan raba 'yan takardu, in ce kowa ya rubuta abu uku da ke matsa wa mutum mai shekarunsu, ba shi ba, kowane mai shekarunsu, kuma kada a sa suna. A naɗe a zuba a kwali. A allo na zana da'ira huɗu, wata cikin wata: jikin mutum da tunaninsa, gida, makaranta da abokai, sai al'umma baki ɗaya. Sai a riƙa zaro takarda ana karantawa, ajin ya yanke inda za a manna ta. Jarrabawa, rigimar iyaye, kwatanta kai da hotunan da ake gani a waya, rashin kuɗi, rashin barci. Muhawarar ita ce darasin. Na tuna wani yaro da ya yi kwanaki a bayan aji, hannuwansa a cikin riga, ko gaisuwa da kai yake amsawa. Aka zaro takarda mai cewa "a ce ba ka da amfani", wata yarinya ta manna ta a da'irar tsakiya, ta ce ai a cikin kai ake jin wannan. Sai ya ɗago ya ce a'a, sai da wani ya fara faɗa maka kafin kanka ya koya. Ya tashi ya ɓamɓare takardar, ya manna ta a kan layin da ke tsakanin gida da makaranta. Babu wanda ya tambaye shi labarinsa, shi ma bai ba da shi ba, kuma haka ya kamata. Abin da ya faɗa shi ne abin da Charles Cooley ya rubuta a 1902, cewa muna gina yadda muke ganin kanmu ne daga yadda muke zaton wasu suna ganinmu. Na gaya masa haka, na ce wani masani ya riga shi faɗa da fiye da shekara ɗari. Ya tambayi yadda ake rubuta sunan mutumin.

Yanzu ga inda abokin aikinki yake da gaskiya. A cikin fannin nan akwai ra'ayin da ke cewa laƙabin da aka manna wa mutum shi ne babban abin da ke mai da shi mai taɓin hankali na dindindin. Thomas Scheff ya kawo wannan a 1966, Walter Gove da wasu suka ƙalubalance shi da hujjar cewa mutanen da ake kwantarwa sun riga sun galabaita tun kafin a laƙaba musu komai. A jami'a wannan muhawara ce mai daɗi. A gaban ɗan shekara 16 da bai yarda yana da ciwo ba, yake kuma neman dalilin tofar da maganinsa, haɗari ce. Kada ki taɓa barin darasinki ya zama hujjar cewa ciwon ƙirƙira ce, ko likitoci ne matsalar. Ciwon gaskiya ne, magani yana taimakon mutane da yawa, kuma abin da jama'a ke yi wa mai ciwon shi ma gaskiya ne. Duka ukun ki faɗe su tare. Haka nan, wanda yake tsakiyar zargi, yana ganin ana bibiyarsa ko ana haɗa baki a kansa, bai dace ya zauna a darasin da ke magana a kan sa ido da iko ba, don duk abin da kika faɗa zai zama masa shaida. Irin wannan ki ba shi wani aikin daban har likita ya ce ya natsu.

Abin da ya fi dacewa da yaran shi ne gyaran da Bruce Link da abokan aikinsa suka yi wa wancan ra'ayi a 1989. Suka ce kowa tun yana ƙarami yake koyon abin da jama'a ke ɗauka game da masu larurar ƙwaƙwalwa, ta barkwanci da zagi da finafinai. Muddin ba ta shafe shi ba, sanin yana kwance kawai. Ranar da aka ce masa shi ma yana da ita, duk abin da ya sani sai ya juyo kansa. Ya fara tsammanin za a guje shi, sai ya riga mutane gudu: ya ɓoye, ya janye, ya daina amsa saƙo. Janyewar ce kuma ke rage masa abokai da damar karatu, ta bar shi shi kaɗai da ciwon. Idan kika zana wannan a allo mataki mataki, za ki ga kawuna suna gyaɗawa, domin da yawansu sun riga sun fara.

Daga nan sai ki kawo tambayar da ke hana su barci fiye da yadda manya ke zato: ranar da na koma makaranta aka ce mini "ina ka shiga?", me zan ce? Ki mai da ita aikin aji. Kowa ya shirya amsa iri uku: ta wanda bai da haƙƙin sani ("ban ji daɗi ba ne, amma na samu sauƙi"), ta wanda aka ɗan yarda da shi, da ta amini. A gwada su da baki, biyu biyu, ɗaya ya zama mai naci ɗaya ya koyi rufe magana ba tare da faɗa ba. A tattauna ribar faɗa da hasararsa, da kuma cewa abin da aka sa a intanet ba ya janyuwa. Kada ki tura kowa ya bayyana, kada kuma ki tura shi ya ɓoye. Akwai wani shiri da Patrick Corrigan da abokansa suka tsara a kan wannan shawara ta faɗa ko rashin faɗa, an gwada shi da matasa masu larurar a Jamus, sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna ya rage musu damuwar da tsoron tsangwama ke jawowa. Abin da ke sauƙaƙa musu shi ne sanin cewa labarin nasu ne, su ke da ikon zaɓen wanda zai ji.

Sai batun tsara. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma sashen matasa wuri ne da aka tara masu rauni iri ɗaya dare da rana. A 1999 Thomas Dishion da Joan McCord da François Poulin suka nuna cewa tara matasa masu matsalar ɗabi'a wuri ɗaya na iya ƙara matsalar, saboda suna saka wa juna da dariya da jinjina duk lokacin da wani ya ba da labarin karya doka. Tun kafin nan, a 1974, David Phillips ya nuna yadda yawan kashe kai ke ƙaruwa bayan jaridu sun yayata labarin wani da ya yi. Don haka ajinki ya kasance da iyaka da kowa ya sani tun ranar farko: ba a bayyana hanyar cutar da kai, ba a nuna tabo, ba a faɗin nauyin jiki ko abin da aka ƙi ci, ba a gasar wa ya fi shan wuya. Tasirin tsara kuwa ki koyar da shi, amma da misalan da ba su da zafi, kamar yadda salon aski ko wata kalma ke yaɗuwa a makaranta, wa ke farawa, wa ke bi, me ke samun wanda ya ƙi. Su da kansu za su kai misalin inda ya kamata. Duk abin da yaro ya faɗa ko ya rubuta da ke nuna haɗari ga ransa ko na wani, ki kai wa ma'aikatan jinya nan take, kuma ki gaya wa ajin tun farko cewa haka za ki yi.

Ƙarfin tsaran nan kuma ana iya juya shi ya yi amfani. A Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Maxwell Jones da Tom Main sun gina magani a kan ra'ayin cewa zaman taren sashe shi kansa magani ne, idan aka ba marasa lafiya murya da nauyi a cikinsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma, sashe na 12 ya ba yaro haƙƙin a ji ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi, sashe na 28 ya ba shi haƙƙin ilimi, kuma kwanciya a asibiti ba ta soke ko ɗaya ba. Ki sa su yi nazarin dokokin sashen kamar masu bincike: waɗanne aka rubuta, waɗanne kowa ya sani ba a rubuta ba, kowace wa take karewa kuma daga me. Su gayyaci wata ma'aikaciyar jinya su yi mata tambayoyi cikin ladabi. Da yawa a ranar suke fara jin dalilin ƙirga cokula ko leƙa ɗaki da dare. A ƙarshe su zaɓi doka ɗaya da suke ganin za a iya sassautawa ba tare da haɗari ba, kamar lokacin kallo ko tsarin kujerun ɗakin hutu, su rubuta takarda da hujjojinsu zuwa ga shugabar sashe.

Amma kafin ki fara wannan ki zauna da ita ku yi magana, ta yarda za ta ba su amsa ko da a'a ce, tare da dalili. Ina jaddada wannan ne saboda wani bincike da likita Alfred Stanton da masanin zamantakewa Morris Schwartz suka buga a 1954 daga wani asibiti mai zaman kansa a Amurka. Sun lura cewa idan ma'aikata biyu suna da saɓanin da suka ɓoye a kan yadda za a kula da wani marar lafiya, shi ne ke rikicewa, kuma yakan lafa idan suka fito fili suka sasanta. Malamin aji yana da sauƙin faɗawa wannan rami. Ke ba ki yin allura, ba ki kulle ƙofa, don haka yara za su so ki, su riƙa kawo miki ƙarar sauran. Idan kika bari aka mai da ke ta kirki su kuma miyagu, yaran ne za su ɗanɗana. Abin da ba ki yarda da shi ba ki kai shi taron ma'aikata.

Aikin ƙarshe da nake so kowane ɗalibi ya yi kafin sallama shi ne taswirar mutanensa. Tun 1897 Émile Durkheim ya danganta yawan kashe kai da raunin alaƙar mutum da jama'arsa, kuma binciken zamani ya tabbatar da cewa watannin farko bayan barin asibiti suna cikin lokutan da haɗarin ya fi yawa. Yaro ya rubuta sunansa a tsakiyar takarda, ya jera mutanen da ke rayuwarsa gwargwadon kusanci. Wasu za su rubuta biyu su ajiye alƙalami su ce sun ƙare. A nan ki kawo musu abin da Mark Granovetter ya nuna a 1973, cewa sanin da ba mai zurfi ba shi ma yana da amfani, domin ta nan labarai da damarmaki ke zuwa. Ki tambaye su: wa ke gaishe ka a hanyar makaranta? Wane malami ne ya san sunanka? Wa kuke buga ƙwallo tare? Takardar sai ta fara cika. Sannan kowa ya sa alama a kan mutum ɗaya babba a makarantarsa da zai iya zuwa wurinsa idan rana ta yi nauyi.

Da amincewar yaron da ta iyayensa, ki rubuta wa wannan mutumin takarda. Ba sai kin sa sunan ciwon ba. Ki faɗi abin da ɗalibin ya karanta a wurinki, inda ya ƙware, darussan da suka wuce shi da waɗanda ya kamata a yafe masa, ko zai fara da rabin yini, da inda zai zauna ya huta idan ya buƙata. Ki karanta masa takardar kafin ki aika, ya cire abin da bai so a sani, ya ƙara abin da kika manta.